Ƙaryar Inna Ta Yi 'Ya'ya A Badun

Kada kan maganar nan ya sa wani ya zaci na fito ne in ci mutuncin mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta da rahama. Duk wanda ya zauna da Inna ya san mace ce mai magana ɗaya. Ƙaryar da nake nufi ita ce shukar nan mai fure ruwan hoda da ake dasawa a ƙofar gida a garuruwanmu na Arewa, wadda manya suka ce daga jikinta Bahaushe ya ɗauko karin maganar nan, wai ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Shekara da shekaru ke nan ina renon guda a tukunya a nan Ibadan, ko Badun kamar yadda muke cewa, kuma labarina da ita nake so in bai wa 'yan'uwana mazauna kurmi.

Ga yaranmu da aka haifa a nan waɗanda ba su san ta ba, bari in ɗan kwatanta. Gajeriyar bishiya ce mai jiki toka-toka, kai ka ce kuka ce aka ƙanƙantar. Ganyenta a tattare yake a kan rassa, yana da kauri da santsi, yana sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma, in ruwa ya sauka a kansa sai ya mirgine ya faɗi. Wannan kakin shi ke hana rana ta tsotse ruwan jikinta. Furen kuwa kamar bakin algaita yake, da kunnuwa biyar, gefensu ja-ja, can ciki fari. Abin da ya fi ba mu mamaki muna yara shi ne lokacin da take furen. Da tsakiyar rani, ciyawa ta ƙone, rijiya ta yi ƙasa, ita ma ta zubar da ganye ta tsaya tsirara, to a lokacin ne za ka wayi gari ka ga ta cika da furanni kamar amarya.

Ta Inna tana bayan zauren gidanmu ne, a wani ƙauye kusa da Daura. Ta sha faɗa mana cewa reshe ne ta zo da shi daga gidan mahaifinta ranar da aka kawo ta. Ba ta ba ta ruwa, ba ta sa mata taki, abu ɗaya kawai take yi mata, wato korar mu daga wajenta. Da ta ga yaro ya miƙa hannu zai tsinki fure sai ka ji ta daga madafa: "Kai, bar wurin nan, dafi ne!" Awaki ma da ba su barin komai, kewaye ta suke yi. Na girma ina ganin furenta kowace shekara, ban taɓa ganin ɗanta ba ko sau ɗaya, saboda haka karin maganar nan a wurina ba ta buƙatar shaida.

A 1996 na biyo kawuna zuwa Badun. Hausawa sun daɗe a garin nan, unguwar Sabo ma tun 1916 aka keɓe mana ita, zamanin da goro da shanu ne ke riƙe da mutane. Mu da muka zo daga baya muka kama kayan gwari, albasa da tumatir da tattasai, wajen kasuwar Shasha muka fi yawa. Nan na yi aure, nan aka haifi 'ya'yana biyar. Babbar mace ce, sunan Inna ta ci, don haka Uwata nake ce mata.

Inna ta rasu a 2008. Bayan an yi sadakar bakwai aka zauna aka raba ɗan abin da ta bari, Yaya ya ci gaba da riƙon gida tunda shi ke zaune a ciki. Ranar da zan taho na ɗauki wuƙa na zagaya bayan zaure na yanko reshe biyu, kowanne kamar taƙi guda, na naɗe su a tsohuwar jarida. Yaya yana tsaye yana kallona, sai ya yi dariya ya ce, "Mutane na ɗaukar ƙwarya da tabarma, kai ƙarya ka zaɓa?" Na ce masa ita na fi tunawa da Inna. Haka suka bi ni cikin motar albasa, Kano, Zariya, Mokwa, muka haye gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, har gida.

Da isowata na yi abin da duk mai son abu yake yi, na kashe ɗaya da gata. Na samo baƙar ƙasa mai taki, na dasa a tsakar gida, safe da yamma ina zuba ruwa. Ga shi lokacin damina ce, kuma mai karatu ya san daminar Badun. A Daura daga Yuni zuwa Satumba an gama, a nan kuwa tun Maris ko Afrilu ake farawa, a ɗan huta a Agusta, a koma har Oktoba, ruwan shekara ya ninka namu na gida kusan sau biyu. Kafin mako uku reshen ya yi laushi kamar dafaffen rogo, na taɓa shi ya faɗi, gindin ya yi baƙi yana wari. Ranar nan na ji kamar Inna ce ta sake rasuwa, har uwargida tana tambaya ko wani labari aka aiko daga gida.

Ɗaya reshen kuwa mantawa na yi da shi a saman kwaba, cikin jaridarsa. Da na tuna na ɗauko shi, ya ɗan yanƙwane, bakin yankan ya bushe ƙamas, na ce wannan ma ya tafi. Amma dai na sa shi a aljihu na je wurin wani tsoho Bayarabe mai sayar da furanni a bakin titi. Ina buɗe jaridar ya gane ta, ya nuna mini layi guda nata a tukwane, wasu ja wur, wasu fari, wasu kunnuwan furensu ninki-ninki. Ya ce da Turanci sunanta wardin hamada, masu kuɗi suna saye su ajiye a baranda da bakin taga. Kuɗin da ya faɗa na guda ɗaya ya kusa na rabin buhun albasa. Na riƙe baki, abin da ke bayan zaurenmu babu mai ko kallonsa.

Na ba shi labarin wanda ya ruɓe, ya girgiza kai ya ce, "Malam, ai mantuwar da ka yi ita ta ceci wannan." Ya yi mini bayani cewa reshen ƙarya in an yanko shi sai an bar shi a inuwa kwanaki har bakin ya bushe, in an dasa shi ɗanye ruwa ne zai shiga ta wurin ya ruɓar da shi. Ya ɗauko tukunyar ƙasa mai huda a gindi, ya shimfiɗa tsingaro, ya haɗa yashi da tsakuwa da dakakken gawayi da ɗan ƙasa kaɗan, ya shafa wa bakin reshen toka, ya soka. Ya ce in ajiye ta inda za ta sha rana aƙalla rabin yini amma ruwan sama ba zai doke ta ba, kada in kai ta ƙuryar ɗaki mai duhu, kuma kada in ba ta ruwa sai na tura yatsa na ji ƙasar ta bushe. Da damina in ya yiwu in manta da ita gaba ɗaya. Na tambaye shi nawa ne, ya ce in ta yi fure in zo in faɗa masa, shi ne kuɗinsa.

Bayan wata biyu ta fitar da ganye, a rani na biyu ta yi fure uku, launinsu sak na Inna. Na je na faɗa wa tsohon. Daga nan kowace shekara sai abin ya ƙaru. Mun sake gidan haya sau biyu, kuma duk lokacin tashi ita nake fara ɗauka, in rungume tukunyar a gaban mota. Ta sha ƙwari iri-iri, akwai fararen nan masu kama da auduga da ke maƙalewa a ƙarƙashin ganye, waɗanda nake wankewa da ruwan sabulu, akwai kuma wata ƙatuwar tsutsa koriya da kan cinye ganyen reshe guda a dare ɗaya. Yarana kuwa abin da Inna ta yi mana shi na yi musu. Gaskiyarta ne, ruwan jikin ƙarya yana da dafin da ke taɓa zuciya, a wurare da dama a Afirka maharba sun yi amfani da shi wajen dafa kibiya, masunta kuma wajen kashe kifi. Danginsu ɗaya da kwankwani da maharbanmu suka sani, da kuma tumfafiya. Duk wanda zai yanke ta ya kiyaye idonsa, ya wanke hannu da sabulu, ya kuma ɗaga tukunyar daga inda mai rarrafe zai kai.

Duk shekarun nan fure take yi, ya bushe, ya zube, shi ke nan. Yaya kuwa ya samu abin zolaya. Duk lokacin da na je Sallah, in an gama gaisawa sai ya ce, "Ina labarin ƙaryarka, ta haihu?" Tun muna dariya har wata shekara ya zaunar da ni a zaure ya ce mini, "Ƙanena, zamanka a kurmi irin na shukar nan ne. Ka zo da shadda da tsaraba, kowa ya ce ka yi kyau, amma ina gonarka, ina gidanka? 'Ya'yanka in sun yi faɗa da Yarabanci suke yi. Ranar da aka ce ku tashi, me za ka ɗauko?" Maganar ta yi mini zafi, kuma abin da ya sa ta yi zafi shi ne akwai gaskiya a cikinta. Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan an taɓa zaunar da su an faɗa musu irinta.

Ranar da Yaya yake faɗi sai ga ta ta zo. A watan Fabrairun 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha, daga 'yar hatsaniya tsakanin mutum biyu abu ya zama na ƙabila, aka rasa rayuka, aka ƙona rumfuna da gidaje na ɓangarorin biyu. Ba zan tsaya a kan wannan ba, waɗanda suka gani sun gani. Rumfata tana cikin waɗanda suka tafi. Kwana biyu iyalina suka yi a ɗakin maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Bayarabiya da duk gidan muke kira Iya, ta kulle ƙofa ta zauna a bakinta a kan kujera. Da hanya ta samu muka bi ayarin masu tafiya Arewa. Mota ta cika maƙil, mutum ma da ƙyar, balle tukunya. Ƙaryar tana tsaka da fure na ɗauke ta na kai wa Iya, na ce, "Iya, ga amana. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki ba ta ruwa." Ta dube ni ta ce, "Alhaji, je ka da yaranka, ni ma ina da irinta, na san halinta." Ashe ɗanta ya taɓa sayo mata guda, mai jan fure, tana bayan ɗakinta ban taɓa lura ba.

Wata uku muka yi a gida. An karɓe mu hannu biyu, ba zan ɓoye alherin Yaya ba, ɗaki biyu ya ba mu, ya kuma ce ga gona in na yarda in zauna. Amma washegarin isarmu da na zagaya bayan zaure sai na tarar da shago a wurin. Ya ce shekara biyu ke nan da aka sare ta aka yi ginin, bai ga abin faɗa mini a ciki ba. Na tsaya ina kallon siminti. Wato duk duniya abin da ya rage na ƙaryar Inna yana can Badun, a hannun wata Bayarabiya, a garin da na gudo daga cikinsa.

Yaran kuma ga nasu. A Badun su ne Hausawa, a ƙauyenmu kuma yara suna bin su suna kiran su Yarabawa saboda harshensu ya ɗan karkata. Ƙaramin ya tambaye ni wata rana da dare, "Baba, yaushe za mu koma gida?" Na ce ai gida muke, ya yi shiru. Na kwana ina juya maganar. Na yi azumi a can, bayan ƙaramar Sallah a watan Mayu na ce wa Yaya zan koma in ga abin da ya saura. Bai hana ni ba, amma bai raka ni tasha ba.

Na iso da yamma ana yayyafi. Kafin in ajiye jaka Iya ta kama hannun rigata ta ja ni bayan ɗakinta. Da ruwa ya fara sauka ta matsar da tukunyata ƙarƙashin rufi, ta jera ta da tata, har rassansu suna gogar juna. Ta nuna mini kan wani reshe. Wasu abubuwa ne guda biyu kore, dogaye, sun fito daga wuri ɗaya, ɗaya ya yi dama ɗaya ya yi hagu, kamar ƙahon ɗan maraƙi. Na ce Iya wace cuta ce wannan kuma? Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "'Ya'ya ne, Alhaji. Ta haihu."

Uwata ce ta warware mini zancen, don a lokacin tana karatun aikin gona. Ta ce, "Baba, ƙarya tana 'ya'ya, a daji da iri take yaɗuwa. Sai dai yawancinsu ba su karɓar ƙurar furen kansu, sai ta wata daban, kuma sai ƙwaro mai dogon baki ya ɗauko ya kai can cikin furen. Reshen da ka yanko ka dasa kuwa ba sabuwar shuka ba ce, ita ce dai ta Inna. In duk na gari daga reshen guda ɗaya aka dasa su, ko sun kai ɗari tamkar guda ce tsaye ita kaɗai." Na yi shiru ina tuna ƙauyenmu, inda kowa daga gidan maƙwabci yake yanko nasa. Ashe abin da kakanninmu suka gani gaskiya ne, dalilinsa ne ba su bincika ba.

Ta ƙara mini da cewa a littattafansu sunanta Adenium obesum. Kalmar farko daga sunan Adan ta ƙasar Yaman aka samo ta, ta biyun kuma ma'anarta mai ƙiba. Wani masanin tsirrai mai suna Peter Forsskål ne ya fara rubuta bayaninta, ya rasu a Yaman a 1763, aka buga littafinsa a 1775. Asalinta yankinmu ne na Sahel, tun daga Senigal har Sudan, da gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa. Masu launi-launin nan da ake sayarwa a bakin titi kuwa yawanci aikin manoman furanni ne na ƙasashe irin su Tailan da Taiwan, su suka yi ta haɗa iri, suna kuma yi musu aure kamar yadda muke yi wa mangwaro. Wato ta Iya ma jininmu ce, yawon duniya kawai ta yi ta dawo da wata kama.

Uwata ta ɗaure ƙahonnin da zare sako-sako, ta ce in sun nuna tsagewa suke yi, iska ta kwashe irin kamar na tumfafiya. Da suka bushe suka tsage muka zazzage su a faranti. Kowane iri siriri ne kamar guntun tsinke, da gashi a kai da gindi. Muka cire gashin, muka shimfiɗa su a kan yashi mai ɗan danshi, muka yayyafa ƙasa sama-sama, don irin ƙarya ba ya son ajiya, in ya daɗe ba ya tsirowa. Kafin mako ya zagayo sun fara ɗago kai. Sama da arba'in suka tsira, na rasa wasu a daminar, talatin da ɗaya suka rayu.

Abin da na lura da shi a jikinsu shi ne tun suna kamar yatsa kowacce ta yi ɗan tulu a gindi, inda take ajiyar ruwa. Uwarsu da na kawo daga gida ba ta da shi a sarari, miƙe take kamar sanda, don wadda aka dasa daga reshe ba ta cika yin gindin nan ba sai bayan shekaru, shi ma a ƙarƙashin ƙasa. Da suka fara fure, wasu a 2022 wasu a 2023, babu biyu da suka zo iri ɗaya. Akwai mai launin ta Inna sak, akwai ja wur irin ta Iya, akwai masu tsaka-tsaki da ban san da wa zan kwatanta su ba. Na kan zauna da yamma in dube su, in dubi yarana suna hira rabi Hausa rabi Yarabanci, ba na cewa komai.

Ba ina cewa maganar Yaya ta faɗi ba ne. Wanda aka ƙona wa rumfa ba zai ce wa kowa zaman kurmi ba shi da haɗari ba, kuma duk wanda ya tattara ya koma gida ban ga laifinsa ba. Ni dai abin da na sani, shekara goma sha uku ina killace shukar nan ita kaɗai, ina ɗauke ta daga gida zuwa gida, ba ta ba ni komai ba sai fure, sai da wahala ta sa na miƙa ta ga maƙwabciya. Da yawanmu haka muke zaune a garuruwan nan, shekara talatin ba mu san sunan wanda ke bayan katangarmu ba, sai ranar da wuta ta tashi. A 2023 na sayi ɗan fili a gefen gari, na fara aza bulo a hankali. Iya ce ta raka ni wurin masu filin.

Yaran ƙaryar kuwa na raba su. Iya ta ɗauki biyar, na kai biyu wurin tsohon mai furanni, na tarar ya rasu, na bai wa ɗansa da ke riƙe da wurin. Na kuma zaɓi uku masu launin ta Inna na tafi da su gida da babbar Sallah, na ajiye a gaban Yaya a zaure ban ce uffan ba. Ya ɗaga ɗaya ya jujjuya, ya shafa tulun gindin da yatsa, ya ce, "Wannan daga ina?" Na ce jikokin Inna ne, haihuwar Badun. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ƙwala wa ɗansa kira ya ce ya kawo fartanya. A gefen shagon nan aka dasa su, su uku a jere, na ce kada a raba su.

Akwai sauran guda tara a barandata. Duk ɗan'uwan da ke nan Badun ko kewaye da yake so, in mun haɗu a kasuwa ya yi mini magana, kyauta ne. Sharaɗina biyu ne kawai, ya ɗauki biyu, kuma da damina ya ɓoye buta.

Mu kwana nan.